Yadda Za Ka Riƙe Kujerar Ƙaho Na Ɗaya Bayan Leɓenka Ya Mutu

Ɗan'uwa mai busa, idan leɓenka ya fara cin amanarka, kai kuma ba ka shirya sauka daga kujerar farko ba, ka zo inda ya dace. Sunana Aubrey Plaatjies. Shekara ashirin da biyar na yi ina riƙe da ƙaho na ɗaya a babbar ƙungiyar makaɗanmu ta nan Cape Town. Ashirin da uku daga ciki ni na busa. Sauran biyun su ne darasinmu na yau. Ka bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na ɗaukar maka alkawari cewa daga madugu mai kaɗa sanda har ɗan jarida har masu sayen tikiti, babu wanda zai gane. Za ma a ƙara yabonka. Ni an ƙara.

Mataki na 1: Ka fara zama gwani na gaske

Wannan ne mai ɗan wahala, amma shekara talatin kacal yake ci. Ka samu uba irin nawa, mai busa a badujalar cocinmu a garinmu Mamre, wanda zai ɗora maka ƙaho a baki kana shekara bakwai ya ce, "Busa na ce, ba tofi ba." Ka riƙa yin awa huɗu kullum a gareji kana maimaita sauti ɗaya har karen maƙwabta ya bar haushi ya koma kuka. Ka haƙura da ƙwallo, ka haƙura da barkono ranar wasa. Sannan ka je gwaji, kai da mutum arba'in, ka tsaya a bayan labule inda alƙalai ba sa ganin fuskarka, ka busa minti shida, su ba ka kujerar.

Daga nan aikin ba wuya. Za ka zauna can baya kana ƙirga shiru. Masu goge su talatin suna ta gurzar tsirkiya, in ɗaya ya kuskure sauran sun rufa masa asiri. Kai kuwa sai ka yi minti ashirin ba ka ce uffan ba, leɓe ya huce sarai, sannan madugu ya nuno ka da sanda, ka ɗaga sauti kai kaɗai a gaban mutum dubu. In ya fita, mala'ika ne kai. In ya fashe, jaki ne kai. Ba a yi wa mai ƙaho matsayi na uku ba.

Mataki na 2: Ranar da abin ya fara, ka zargi ƙarfe

Nawa ya fara wata safiyar Talata ina ɗumama leɓe da ƙaho a kicin. Na hau sautin sama kenan sai gefen hagu na leɓena ya yi rawa, kamar an ja shi da zare. Iska ta fita, sauti bai fita ba. Na sake. Haka dai.

Kada ka tsorata. Ka dubi ƙahon da kallon tuhuma. Ka kai shi wurin mai gyara, ya wanke, ya shafa mai, ya ce lafiyarsa ƙalau, ka gaya masa bai san aikinsa ba. Daga nan ka koma kan ƙoƙo, ɗan ƙarfen nan da ake ɗora wa leɓe. Ka sayi mai zurfi, ka sayi mai faɗi, ka sayi mai ruwan zinariya. Cikin wata biyar na tara goma sha tara a durowar cokula.

Matata Merle, tsohuwar nas ce, shekara talatin da uku tana jin busata ta cikin bango. Ita ta buɗe durowar.

"Aubrey, na zo neman cokalin shayi na tarar da shagon maƙeri. Mene ne wannan?"

"Bincike nake yi."

"Binciken me? Kai da ka yi shekara ashirin da ƙoƙo ɗaya, ko wankewa ba ka bari in yi?"

"Ba za ki gane ba, harkar masana ce."

"To masani, kwashe min su, in ba haka ba in juya miya da su."

Ka kwashe. Ka kuma daina bita a gida, ka ce maƙwabta sun yi ƙorafi. Maƙwabtan da suka jure shekara talatin, ba wanda zai je ya tambaye su.

Mataki na 3: In ka je wurin likita, ka bar maganarta a can

Ka zaɓi asibiti mai nisa da unguwarku. Likitar jijiya da na gani ta sa na busa a gabanta, ta zuba wa bakina ido, sannan ta ce ba tsoka ba ce ta gaji, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa leɓe ne ya rikice. Ta ce yakan sami masu busa da suka daɗe. Wasu kan farfaɗo in sun koma koyo daga farko na wasu shekaru, amma da wuya su dawo inda suke.

"Mista Plaatjies, shekarunka nawa?"

"Hamsin da bakwai."

Sai ta ajiye biro.

Ka yi mata godiya. Ka fito ka zauna a mota minti arba'in kana kallon sitiyari. Wannan ba kuka ba ne, hutu ne. In ka isa gida ka ce haƙori ne. A ilimina, muddin ba a ambaci sunan cuta a teburin cin abinci ba, to tana waje tukuna.

Mataki na 4: Ka zama mai kyauta dare ɗaya

A nan kake buƙatar ƙaho na biyu mai kyau. Tawa Zukiswa Mgijima ce, 'yar unguwar Langa, shekara tara tana zaune a gefena. Aikin na biyu shi ne ya shige ƙarƙashin sautin na ɗaya ya tallafe shi, ya yi kyau amma kada a lura da shi. Zukiswa ta iya wannan har takan ba ni tsoro. Oom take ce min, yadda ake ce wa kowane dattijo, amma a bakinta kalmar takan fito da ɗan kaifi.

Shekara uku kafin leɓena ya lalace, wata ƙungiya a Turai ta kusa ba ta kujerar farko. Suka rubuto suna neman ra'ayina. Na amsa musu cewa tana da ƙoƙari, tana zuwa aiki a kan lokaci, amma ba ta nuna ba tukuna. Suka ɗauki wani. Kada irin wannan ya hana ka barci. Na biyu mai kyau wuyar samu gare shi, mai hankali ba ya sakin nasa.

Yanzu sai ka matsa kusa da ita a wurin bita, ka nuna wurin da ya fi tsawo a takardar kiɗa, ka yi muryar uba.

"Zuki, wannan hawan ke za ki ɗauka yau. Lokaci ya yi da za ki fara jin nauyin aikin."

Ta dubi takardar, ta dube ni. "Oom, bara layi biyu na roƙe ka, ka ce sai na ƙara girma."

"Kin girma."

"Cikin wata takwas?"

"Mata kan yi saurin girma."

Ta zaro fensir daga gashinta ta yi alama. Mako na gaba ka ba ta wurare biyu. Kafin shekara ta ƙare takardunku sun yi musaya gaba ɗaya: ita tana busa na sama, kai kana lallaɓa nata na ƙasa, waɗanda ko mataccen leɓe zai iya in ba a matsa masa ba.

Mataki na 5: Ka koyi busa da fuska

Ku ɗaga ƙaho tare, amma naka ya ɗara nata da yatsa biyu don fitila ta haska bakinsa. Ka riƙe numfashi har jijiyar wuyanka ta miƙe. Yatsu su yi ta aiki a kan maɓallan. In an gama, ka sauke a hankali, ka zubar da ruwan cikin ƙahon a ƙasa kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Kada ka damu da waɗanda ke zaune a gabanka, sun toshe kunnuwansu tun shekara ashirin da suka wuce, saboda kai. Madugu kuwa yana can nesa, wanda ya fi gumi shi yake ɗauka ya busa.

A shekarar nan ne wani ɗan jarida ya rubuta cewa sautin Plaatjies ya ƙara taushi da zurfi, irin wanda shekaru kaɗai ke bayarwa. Na yanke shafin na ajiye. Zukiswa ta karanta nata a ɗakin shan shayi, ta ninke jaridar da kyau.

"Barka, Oom. Lallai shekaru sun yi maka rana."

Ka ce na gode. Mai karɓar yabo ba ya bincikar muryar da aka yi shi da ita.

Mataki na 6: In an ce za a karrama ka, ka nemi mai riƙe ƙofa

Madugunmu Terblanche yaro ne ɗan shekara talatin da shida, gashi ya fi shi yawa. Shi ya ƙirƙiro cewa sai an yi min wasan cika shekara ashirin da biyar, ranar wata Lahadi da rana. Ya zaɓi wani tsohon kiɗa wanda a tsakiyarsa kowa ke yin tsit, sai ƙaho ɗaya ya yi kira daga bayan dandamali, kamar daga wani tsauni mai nisa, na kusan minti ɗaya.

"Kai kaɗai, Oom Aubrey," in ji shi, yana riƙe da hannuna biyu. "Ba goge, ba ganga. Ina so gari ya ji abin da nake ji shekara biyun nan."

Ka yi murmushi. Ka ce irin wannan kira ba a ɓarnatar da shi a wurin bita, sai ranar. Zai ɗauka zurfin ilimi ne. Sannan ka ce kana buƙatar wanda zai riƙe maka ƙofa ya ba ka alama, kuma Zukiswa ce ta san numfashinka.

Ranar ta zo. Mutanen cocinmu na Mamre suka ciko bas guda. Merle, da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa wasa shekara uku, ta sa rigarta ta zuwa biki ta ce ko da rarrafe sai ta shiga. Ni da Zukiswa muka tsaya a lungun baya, tsakanin akwatunan manyan goge da tukunyar kashe gobara. Sai na ga ƙahonta a hannunta.

"Me ya kawo ƙaho? Ƙofa za ki riƙe."

"Ƙofar tana da ƙugiya, Oom." Ta maƙala ta.

"Yau ni zan busa. Mutanen garinmu sun zo."

"Na gan su, da hulunansu."

Ta cikin ƙofar ana jin goge na ta hawa. Ban san abin da ya buɗe min baki ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun makon farko. Shekara tara ina numfashi tare da kai."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? A ce yarinyar da ba ta nuna ba tukuna tana zargin Plaatjies?"

Kalmomina ne, ba ragi ba ƙari.

"Sun turo min kwafin wasiƙar," in ji ta. "Can haka suke yi."

Shekara biyar ke nan tana zaune a gefena da wannan a cikinta, tana juya min shafi, tana ara min fensir.

"To me ya sa kike rufa min asiri?"

"Wa ya ce kai nake rufa wa? Shekara biyu ina busa ƙaho na ɗaya, Oom. Ka san wata hanyar da za a bar ni in yi?"

'Yar koriyar fitilar da ke saman ƙofa ta kama, alamar lokacina ya yi. Zauren ya yi tsit. Na ɗora ƙoƙo a leɓe, na ja numfashi irin na da, na tura. Abin da ya fito, taya ce ke sacewa. Daƙiƙa ɗaya. Biyu. Mutum dubu suna jira.

Sai ta ɗaga nata.

Na zauna kusa da sautin nan shekara biyu, amma kullum ina fama da jijiyar wuyana, ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ya tashi siriri, ba gaggawa, ya hau har inda ni ko a zamanin ƙarfina sai na yi da gaske, ya tsaya a can kamar wurin zamansa ne, sannan ya sauko ya ɓace. Ni kuwa ina tsaye da ƙaho a hannu kamar wanda aka ba ajiyar jaka.

Mataki na 7: Ka rusuna

Kada ka yi wani tunani. An kira sunanka, ka fita. Na fita. Zauren ya miƙe tsaye. Matan cocinmu suna ɗaga hankici, wani dattijo da ya yi busa tare da mahaifina yana share ido. Terblanche ya rungume ni, aka miƙo min furanni. Zukiswa ta riga ta zagaya ta ƙofar gefe ta koma kujerarta, tana tafa min da hannu ɗaya a gwiwa. Na rusuna sau uku. Ka ga? Na gaya maka hanyar tana aiki.

Abin da ya rage kawai ka kai matarka gida. A mota na ɗora mata furannin a cinya.

"Ya yi daɗi?"

"Ya yi daɗi ƙwarai," in ji Merle. "Wa ya busa?"

Ban tayar da motar ba.

"Kai in za ka hau sama, hawa kake yi kamar mai neman faɗa. Wannan kuwa kamar ana kiran yaro ya dawo gida ne."

"Merle, leɓena ne. Ba haƙori ba."

"Na sani. Nas ce ni, ba kujerar falo ba. Jira nake ka gaya min da bakinka." Ta gyara furannin. "Shekara biyu, Aubrey. Da wa kake kuka duk tsawon nan? Da mota?"

Na ce mata hutu nake yi. Ta ce in tuƙa mu gida kafin miyarta ta ƙone.

Mataki na 8: Ka sauka da girmanka, ka kama bakinka

Bayan wasa irin wannan sai ka sanar da ritaya. Za a ce ka sauka a ƙololuwa, abin da 'yan kaɗan ke iyawa. Za a rataye hotonka a baranda. Za a kuma roƙe ka ka zauna cikin alƙalai bakwai da za su zaɓi magajinka. Aikinka a nan guda ɗaya ne tak, kuma ya fi duk na baya sauƙi: ka yi shiru.

Aka ja labule. Masu nema suna shigowa da lamba, ba suna, ba fuska. Lamba huɗu ta busa layi ɗaya na san ko wace ce. Da aka gama da kowa, Terblanche ya jingina da kujera yana wasa da fensir.

"Lamba huɗu ya iya, ba musu. Amma kwaikwayon Oom Aubrey yake yi, har wurin jan numfashi. Mun riga mun ji na ainihi, me za mu yi da kwafi? Ni lamba tara nake so, yana da muryar kansa."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Shugabar masu goge ta juyo ta yi min murmushi, wai an yabe ni. Abin da ya rage min in gyaɗa nawa kan, a tashi, hotona ya zauna a baranda har abada.

A nan ne na kauce wa littafina.

"Ba kwaikwayo ba ne," na ce.

"Na'am, Oom?"

"Lamba huɗu ba ta kwaikwayon kowa. Ita kuke ji shekara biyun nan. Ni leɓena ya mutu tun kafin ka koyi sunayenmu."

Ka taɓa jin shirun mutum shida da duk suka rantse suna da kunne? Manajan ƙungiya ya fara cewa na karya dokar labule, tilas a soke gwajin. Terblanche bai ko dube shi ba.

"Wasan karramawar fa? Kiran nan na baya?"

"Ko ƙofar ma ba ni na riƙe ba."

Suka ce in jira a waje. Awa biyu na yi a baranda, a ƙarƙashin hotona, ina jin muryoyi na tashi suna sauka. Aka sake kiran lamba huɗu da lamba tara suka busa. Biyar suka zaɓe ta, ɗaya ya ƙi. Hoton kuwa an sauke shi a makon, wai za a goge gilashin. Har yau ana gogewa.

A wurin ajiye motoci Zukiswa ta same ni, akwatin ƙahonta a kafaɗa.

"An ce ka yi surutu a ciki, Oom."

"Tsufa ne."

"Ba zan ce na gode ba."

"Ban tambaya ba."

Ta ɗan tsaya tana kallon makullin motarta. "Ina neman wanda zai riƙa zama a kujerun baya ranar bita, ya gaya min gaskiya in na cika ƙarfi. Tun ɗazu kowa yabona yake yi, ni kuma na ga inda hakan ke kai mutum."

"Kunnena lafiyarsa ƙalau."

"Laraba, ƙarfe goma. Kada ka zo da ƙaho."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. Matakai bakwai da rabi an gwada su, sun yi aiki. In ka zo rabin ƙarshe bakinka ya buɗe da kansa, wannan tsakaninka da bakinka ne. In tsofaffin abokan aiki suka koma gaishe ka daga nesa, in bas ɗin garinku suka ji labari, in ka sami kanka kana barci mai nauyi ba tare da ka san dalili ba, kada ka neme ni. Ba na karɓar ƙorafi ta waya, ba na amsa wasiƙa, ranar Laraba kuma ina da aiki.